Takardar tuhumar da na samu saboda na jawo kujera

Ƙarshen watan nan zan bar sashen masu doguwar jinya, kuma ƙannena da suka shigo aikin nas a bayana sun matsa in bar musu 'yar nasiha. Ba zan koya muku neman jijiya ko lissafin ɗigon ƙarin ruwa ba, wasunku ma sun fi ni hannu. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Waɗanda muka daɗe tare sun san shugabar sashen da muka yi a wancan lokacin, ba sai na kama suna ba. Wajen tsafta da kiyaye lokaci babu mai ƙwace mata. Sai dai a wurinta aiki shi ne abin da za a rubuta a fayil a sa hannu. In ta shigo ta tarar da ke a tsaye, ko kai-kawon banza kike yi, ma'aikaciya ce ke. In ta tarar da ke a zaune, kin shiga uku.

Akwai wata tsohuwa da ciwon daji ya riga ya ci jikinta, kowa Iya yake ce mata. 'Ya'yanta ba su taɓa makara da kuɗin magani ba, amma ƙafarsu ba ta cika zuwa ba. Da dare ya raba sai ta fara kira. Ki zo, ta ce a gyara mata matashi. Ki koma, ta ce labulen ne. Masu aikin dare suka sa mata suna mai fitina. Wani dare na gama zagayen magani, na cika takarduna, zan wuce sai ta kama bakin rigata.

"'Yar nan, sauri kike yi?"

"A'a Iya, me za a yi miki?"

"Babu. Daren ne ya yi tsawo."

Na jawo kujera. Ta ba ni labarin marigayin mijinta, yadda ba ya iya fushi ya kai la'asar, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Yatsunta sun bushe, sun yi sanyi, ta damƙe hannuna tamau. A haka barci ya ɗauke ta, kuma daren nan ba ta nemi ƙarin allurar rage zafi ba, abin da ba ta saba ba. Ina neman dabarar zare hannuna sai ga shugaba ta shigo duba-gari na ba-zata.

"Sista, hira aka ɗauke ki ki yi?"

"Ranki ya daɗe, na gama zagayena."

"In kin gama, aiki ya ƙare a sashen ke nan?"

A gaban majinyatan da muryarta ta tasa ta faɗi haka. Washegari takardar tuhuma ta iso: zaman hira a bakin aiki. Maganar ta shiga rahotona na ƙarshen shekara, ƙarin girman da sa'o'ina suka samu ya tsallake ni. Wannan duk na shanye. Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne mayar da ni ɗaya ɓangaren sashen da aka yi, wai don a raba ni da "ƙawata". Iya ta cika cikin dare ba kowa a kusa, sai a zagayen asuba aka gane. Allah ya jiƙanta.

Ba na so in zalunce ta ita ma shugabar. Ƙarancin hannu gaskiya ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya kusan miliyan 5.9, kuma duk wadda ta taɓa riƙe sashe ita kaɗai da dare ta san ma'anar wannan a jikinta. Amma ran nan babu gadon da na bari yana jira. Ta sani, ta duba takarduna da idonta.

Amsar da na rubuta a lokacin ban-haƙuri ce kawai, don ban san cewa abin da na yi yana da gurbi a ilimin aikinmu ba. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967 bisa fahimtar cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na tsoro, akwai na kewar mutane, akwai na ruhi, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta. Wani bincike na Jami'ar Harvard da ya faro a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari, ya gano cewa waɗanda suka fi gamsuwa da dangantakarsu da mutane suna da shekara 50 su ne suka fi lafiya a shekara 80. Har ma an lura cewa tsofaffin da ke zaman daɗi da abokan zamansu, ranar da ciwon jiki ya tsananta ba ya rusa musu walwala kamar yadda yake yi wa waɗanda zamansu ba daɗi. Ko a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida na fama da kaɗaici, ta kuma alaƙanta shi da mutuwar mutane kimanin 871,000 a shekara. Matashin Iya lafiyarsa ƙalau, labulen ma haka.

Ni kaina ba albashi ne ya riƙe ni a aikin nan ba, balle ƙarin girma. Duk lokacin da na yi niyyar ajiye shi, fuskar wani ce ke dawo da ni: yaron da ya ƙi yarda kowa ya canza masa bandeji sai ni, abokiyar aikin da ta karɓi aikina na dare lokacin da mahaifiyata ke kwance ba tare da na roƙa ba. In na waiwaya, allurai da fayiloli sun narke sun zama abu ɗaya, mutanen nan ne kawai suka rage daki-daki. Mutum rahama ne, kuma wanda ke kwance ma rahama ne ga mai tsaye a kansa.

Sauran kuma gajeru ne. Ku girmama masu shara, sun fi ku sanin majinyacin da ya kwana yana kuka. Ku kira mutum da sunansa, ba da lambar gado ba. In dangi sun ƙaurace wa majinyaci, ku kira su a waya ku faɗa musu gaskiyar lokacin da ya rage, da yawansu tsoro ne ya hana su zuwa, ba rashin so ba. Kada ku bar sabuwar nas ta wanke gawarta ta farko ita kaɗai.

In kuma kun zauna da majinyaci, ku rubuta. Ku sa lokacin da kuka zauna, da halin da kuka same shi, da yadda ya kwana, da allurar da bai nema ba, ku sa hannu. Irin shugabata ba su ƙare ba, wasu ma suna cikinku suna jiran kujerar, kuma fayil kaɗai suke karantawa.