Zaɓen kayan aikin zane da gina shafin intanet: fara da aikin, sannan na'ura

Masu shiga sana'ar zane a kwamfuta sukan fara da tambayar wace kwamfuta za su saya. Akwai tambayar da ta riga wannan: me za ka riƙa miƙa wa masu ba ka aiki? Fosta da katin da za a kai maɗaba'a, ko hotunan da iyakarsu allon waya, ko shafin intanet mai rumbun bayanai a bayansa? Amsarka ita ce za ta zaɓa maka manhaja, manhajar kuma ta nuna maka ƙarfin na'urar da kake bukata. Wanda ya juya wannan jeri yakan zuba kuɗi a sashen da aikinsa bai damu da shi ba, ya bar sashen da ke cin masa lokaci kullum.

Zane iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen aika-aika da dama. Akwai hoton da aka gina da fiksel, ɗigo-ɗigo, kamar wanda kyamara ke ɗauka. Idan ka ja shi ya wuce girmansa na asali, sai ya dushe, gefensa ya yi haƙora. Photoshop da GIMP da Krita na wannan sashe ne. Akwai kuma zanen vekta, wanda layuka da lanƙwasa ne da aka adana a matsayin lissafi, don haka tambari ɗaya zai zauna a jikin biro ya kuma zauna a allon talla ba tare da ya canza ba. Nan ne fagen Illustrator da CorelDRAW da Inkscape. Tambarin da aka zana a Photoshop yana jiran ranar da zai ba mai shi kunya, wato ranar da aka ce a buga shi babba. Littafi ko mujalla mai shafuka da yawa kuwa aikin InDesign ne ko Scribus, domin su ne suka iya kwararar da rubutu daga shafi zuwa shafi, su kuma gyara lambobin shafi da kansu.

Tun 2013 Adobe ta koma tsarin haya: ka biya duk wata ko duk shekara, ka daina biya manhajar ta rufe, fayilolinka na nan amma gyara su ya zama wahala. Idan kana musayar fayil da kamfanonin talla da ke aiki da fayilolin PSD na Photoshop da AI na Illustrator, biyan ya cancanta, saboda kowace manhajar da ba ta Adobe ba tana iya ɓata wani abu wajen buɗe su, musamman rubutu da inuwa. Idan kuwa abin da kake miƙawa PDF ne ko PNG ko SVG, babu wanda zai tambaye ka da me ka yi shi. Affinity, wadda Canva ta saya a 2024, ta iya hoto da vekta da tsara shafi, ta kuma iya CMYK, wato tsarin launin bugu na tawada huɗu. Inkscape da GIMP kyauta ne, kuma sun isa aikin allo. Rauninsu yana wajen bugu. Inkscape a RGB, wato tsarin launin allo, take tunani, sai ka bi da zanen ta Scribus kafin ka samu PDF na CMYK. GIMP 3.0 da ya fito a 2025 yana iya fitar da fayil na CMYK, amma aikin kansa a RGB ake yin sa.

Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, kuma akwai launukan da tawada ba ta kai gare su: shuɗi mai walƙiya yakan koma wajen shunayya, kore mai haske ya mutu. Saboda haka aikin bugu a buɗe shi a CMYK tun farko, ko aƙalla a kunna gwajin launin bugu ana kallo. A sa fiksel 300 a kowane inci ga abin da za a riƙe a hannu. Babbar tuta da za a kalla daga nesa ba ta bukatar haka, 100 zuwa 150 sun wadatar. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi, in ba rara sai farin zare ya fito a bakin takarda. Ƙananan rubutu baƙi kuma a yi su da baƙar tawada kaɗai, K 100. Baƙin da aka haɗa da tawada huɗu, da zarar tawada ɗaya ta goce kaɗan wajen bugu, haruffa sai su yi inuwa mai launi.

Yanzu na'ura. A ganina jerin muhimmanci shi ne allo, RAM (inda kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe), ma'ajiya, sannan furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), katin bidiyo a ƙarshe. Masu talla a juye suke jera su.

RAM lissafi ne mai sauƙi. Takardar A4 a fiksel 300 tana da fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Leya ɗaya cikakkiya ta wannan girma, wato shimfiɗa ɗaya cikin waɗanda ake ɗora wa juna a zane, tana cin kusan megabait 35 in ba a matse ta ba. Leya talatin sun haura gigabait ɗaya, ba a ƙirga tarihin matakan da manhaja ke riƙewa don ka iya komawa baya, ba a ƙirga Windows da burauza mai shafuka ashirin a buɗe. Gigabait 8 za ta buɗe manhajar, amma da aiki ya yi nauyi sai kwamfuta ta fara aron wuri a ma'ajiya, linzami ya riƙa tsayawa. Gigabait 16 ce mafarin aiki cikin kwanciyar hankali, 32 ga mai manyan fayiloli ko mai haɗawa da bidiyo. Kafin ka biya, bincika ko RAM ɗin na cirewa ne ko an like shi a jikin allon uwa, wato babban falon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Laftof sirara da yawa likakke ne, haka duk Mac mai furosesar Apple tun daga M1 na 2020: abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe.

Ma'ajiya kuwa SSD, wato wadda ba ta da faifai mai juyawa, ba musu. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, na NVMe dubbai. Gigabait 256 tana cika da wuri, kuma idan ta cika Photoshop yakan ƙi buɗe fayil ya ce wurin aikinsa na wucin gadi ya ƙare. Nemi 512 zuwa sama, ka riƙa barin kusan kashi ɗaya cikin biyar babu komai.

Allo shi ne idon mai zane, shi ne kuma wurin da masu ƙera laftof suka fi rage kuɗi, domin mai saye ba ya tambaya. Za ka ga na'ura mai ƙarfin furosesa, an rubuta 45% NTSC a bayanin allonta da ƙananan haruffa. NTSC da sRGB ma'aunai ne na yawan launukan da allo ke iya nunawa, wannan allo kuwa kusan kashi biyu cikin uku kaɗai na launukan sRGB yake nunawa. Ja zai fito maka kamar ruwan lemo da ya koɗe, kai kuma sai ka ƙara masa ƙarfi har ya yi maka daidai. Mai aikin ya buɗe a wayarsa mai kyakkyawan allo ya ga launi yana ihu, fuskar mutum ta yi ja. Ba ka yi kuskure da hannunka ba, allon ne ya yi maka ƙarya. Araha ba ta ado. Abin nema shi ne 99 ko 100% sRGB, wanda wasu ke rubutawa 72% NTSC. Nau'in allon ya zama IPS ko OLED. Nau'in da za ka guje wa shi ne TN, gwajinsa kuma mai sauƙi ne: kwantar da murfin baya kaɗan, in launi ya juye ko ya yi duhu, bar shi. Kada ka karɓi ƙasa da fiksel 1920 sau 1080. A allon tebur mai inci 27, 2560 sau 1440 ya fi dacewa. Idan an rubuta Delta E ƙasa da 2, ma'anarsa kuskuren launin ya yi ƙanƙantar da ido da ƙyar zai kama. Mai aikin bugu kuma ya rage hasken allo zuwa wajen nit 120 (nit shi ne ma'aunin hasken allo), saboda allo mai tsananin haske yana sa ka ɗauka hoto ya yi haske, a takarda ya fito da duhu. Idan ka riga ka mallaki laftof mai raunin allo, sayen allon tebur mai kyau ya fi sauya na'urar duka sauƙi.

Furosesa matsakaiciya, Core i5 ko Ryzen 5 ta 'yan shekarun nan, ta ishi zane da gina shafi. Dubi zamaninta, kada lambar i7 ta ruɗe ka, tsohuwar i7 tana bin bayan sabuwar i5. Ga mai sayen na hannu: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel zamani na 8 zuwa sama ko makamanciyarta ta AMD. Katin bidiyo na daban sai in za ka shiga zanen 3D da Blender ko tace bidiyo mai nauyi.

Gina shafin intanet ba ya cin na'ura kamar zane. VS Code don rubuta lamba, Git don adana tarihin canje-canje, Figma don tsara fasali kafin a gina, ita kuma a burauza take aiki, don haka tana bukatar intanet da RAM. Mai aiki da WordPress, tsarin gina shafi wanda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, ya girka Local ko XAMPP ya gwada komai a kwamfutarsa kafin ya taɓa shafin da jama'a ke gani. Sabunta fulogin, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara wa shafi aiki, kai tsaye a shafi mai rai yakan sa shafin ya mutu ya koma farin allo da tsakar rana.

Na'urar da ta fi muhimmanci a nan ita ce waya mai rauni. Kwamfutarka mai ƙarfi tana ɓoye maka nauyin shafinka. Ajiye tsohuwar Android ka riƙa buɗe aikinka a kanta. Gwada a Chrome da Firefox da Safari, domin injinansu uku ne daban, kuma abin da ya zauna a ɗaya yana iya gocewa a ɗaya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma galibi hoto ne ke hana hakan: an ɗora hoton kyamara mai faɗin fiksel 4000 a gurbin da bai wuce 800 ba. Rage shi, ka fitar da shi a WebP ko AVIF, tambari da alamomi kuma a SVG. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Kafin ka zaɓi salon haruffa, rubuta duk haruffan harshen da za a yi shafin da shi, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ka gani ko yana da su. Noto Sans yana da su, salo da yawa na ado ba su da su, sai burauza ta aro harafi daga wani salo ya fito bare a tsakiyar kalma. Duba lasisinsa ma, wani an yarda da shi a bugu amma ba a shafi ba.

Manhajar da aka fasa don kauce wa biyan kuɗi da jigon WordPress (shiryayyen fasalin shafi) na sata ina hana su da babbar murya. Sau da yawa ana cusa musu ɓoyayyiyar lamba mai satar kalmomin sirri daga burauza ko mai buɗe wa wani ƙofa a sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, kuma kwamfutar mai gina shafi tana riƙe da makullan shafukan mutane da yawa.

A kasafinka ka ware kuɗin faifan waje tun ranar farko. Kwafi uku na kowane aiki, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban ko a intanet. SSD ba ya gargaɗi kamar tsohon faifai mai ƙara kafin ya mutu, yakan ɗauke ne kawai. Lokaci-lokaci ka ɗauko fayil ɗaya daga ajiyar ka buɗe shi, ka tabbata haruffa da hotunan da aka haɗa da shi suna tare da shi a folda ɗaya.