Hoton almuru a bakin teku: kada ku tashi da faɗuwar rana

Mu 'yan Garwa da Marwa ba mu taso da teku ba, ruwanmu Binuwai ne da tafkin Lagdo. Shi ya sa duk wanda Allah ya kai Kiribi ko Limbe, garuruwan bakin teku a kudancin Kamaru, waya yake fara zarowa. Ƙannena, bari in rage muku asarar da na yi.

Gaɓar Kiribi yamma take kallo, rana cikin ruwa take nutsewa. Ni tana ɓacewa sai in sa waya a aljihu in kama hanyar masauki, ashe a lokacin ne kallo yake farawa. Jan nan da malamai ke kira shafaƙi, wanda ɓacewarsa ke shigo da isha'i, sai bayan faɗuwar rana yake bazuwa a sama, ruwa da jiƙaƙƙen yashi su ɗauke shi. Kuma ba ya jira. A ƙasashenmu almuru gajere ne, minti 20 da 'yan kai duhu ya fara rufewa, ga shi lokacin magariba ne. To ku yi alwala tun da sauran rana, ku zaɓi inda za ku tsaya. Kuna sallamewa za ku tarar jan bai tafi ba.

Sai halin waya. Ba ta son duhu, da kanta take ƙara haske, sama ta fito fari fat kamar azahar. Na daɗe ina zagin wayata, alhali ba laifinta ba ne. Ku taɓa inda ya fi haske a allon, ku rage hasken har kalar ta yi daidai da abin da idonku ke gani. Kwalekwale da masunta su fito baƙi wuluk, hakan ma ya fi kyau, amma ku nemi izinin mutum tukuna. Ku kashe filasha, ku jingina hannu a kan dutse, layin ruwa ya miƙe sak.

Iskar teku tana shafa gishiri a gilashin kyamara. Na goge nawa da bakin riga mai yashi, ya karce har yau. Ku riƙe ƙyalle mai laushi.

Kafin tafiya kudu, ku koyi hannu a Lagdo wajen ƙarshen damina, lokacin da akwai sauran gajimare. Da hunturu hazo ke cinye rana tun tana sama, sai toka-toka za ku samu.