Daga Birmingham zuwa Newport a ranar zaɓen kwamishinan 'yan sanda

Tun daren Laraba na ga katin manne a jikin firjin ƙanena, kusa da jadawalin lokutan salla na masallacin unguwarsu. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na zaɓe ne, gobe Alhamis, 2 ga Mayu 2024, za su zaɓi magajin garin yankin West Midlands da kuma kwamishinan 'yan sanda. Na ajiye kofin shayin da ke hannuna na ce ya sake faɗa.

"Kwamishinan 'yan sanda, Yaya. Ƙuri'a ake jefa masa."

Ni dai abin da na sani shi ne mutum mai kaki da taurari a kafaɗa, wanda ake turowa daga Abuja, bana yana Kano baɗi an mayar da shi Bayelsa, ko gwamna bai isa ya ce masa tashi ko zauna ba. Ashe nan wani abu ne daban. Nasu farar hula ne, yawanci ɗan jam'iyya, ba lallai ne ya taɓa riƙe ankwa ba, kuma ba shi da ikon ya ce a kama wane. Amma shi yake naɗa babban hafsan 'yan sandan yankin, shi yake iya sallamarsa, shi yake tsara kasafin kuɗinsu, shi kuma yake yanka abin da kowane gida zai biya wa 'yan sanda a cikin harajin ƙaramar hukuma. Na kwanta ina juya maganar. Shekaru muna ta gardama a gida kan 'yan sandan jihohi da wanda zai riƙe linzaminsu, ga wasu sun damƙa linzamin a hannun talaka. Na ce lallai gobe zan ga layi.

Da safe na bi shi rumfar zaɓe, don dama tana kan hanyarmu ta zuwa tasha. Yana da damar jefa ƙuri'a saboda Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, kuma yana zaune da izini. Abokinsa ɗan Maraɗi, wanda ya fi shi daɗewa a garin, ba shi da wannan damar, tun da Faransa ce ta raini tasu ƙasar. Suna yawan tsokanar juna a kan haka.

Rumfar wani ɗakin taro ne a gefen coci. Ba ɗan sanda, ba soja, ba a rufe hanya ba, ba a ba da hutu ba. Motocin bas suna wucewa a titin Coventry cike da masu tafiya aiki. Na tsaya a waje tun da ni baƙo ne. Kafin in gama karanta takardun da aka liƙa a ƙofa sai ga shi ya fito. Na duba babban yatsansa, ba tawada. Ya ce fasfo ya nuna, aka ba shi takardu biyu, ya shiga wani ɗan lungu ya yi alama da fensir. Fensir! Na ce a wajenmu da an ce fensir, da tuni an fara maganar wanda ya sayo abin gogewa.

Na tambaye shi wa ya zaɓa a kwamishina. Ya yi dariya ya ce alamar jam'iyya ya bi, don shi saboda magajin gari ya fito. Sunan mai riƙe da kujerar, Simon Foster, ya san shi ne kawai saboda ƙarar da ya kai gwamnati kotu watanni kaɗan kafin nan, lokacin da aka so a ƙwace ikonsa a haɗa wa magajin gari, ya kuma yi nasara. Ba don wannan hukuncin ba, da takarda ɗaya za a miƙa wa ƙanena.

A tashar New Street na hau jirgin ƙasa mai zuwa Cardiff. 'Yar yayata ce ta haihu a Newport, an ɗora min kai barka a madadin dangi, da ƙunshin yaji da kilishin da ya tsallake bincike da ƙyar a raina, ko da yake ba wanda ya tambaya. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Bayan Cheltenham da Gloucester sai layin ya bi gefen kogin Severn, wanda ruwansa ya janye ya bar laka shimfiɗe tana ƙyalli, tumaki suna kiwo har bakin gaɓa. Wata dattijuwa da ke kujerar da ke fuskantata tana cike wasan kalmomi a jarida. Da hira ta ɗan buɗe na tambaye ta ko ta jefa ƙuri'a. Ta ɗago ta ce, yau ne? Ta ce ta ga katin, amma ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ba takarda ko ɗaya da ta shigo ta ramin wasiƙa, to ta yaya za ta zaɓi wanda ko fuskarsa ba ta sani ba? Ta koma kan jaridarta.

Wannan ƙorafin tsoho ne. Gwamnatin David Cameron ce ta kawo tsarin, Theresa May tana ministar cikin gida, da dokar da aka yi a 2011. Hujjarsu ita ce kwamitocin da ke sa ido kan 'yan sanda a da ba wanda ya san su, gara mutum ɗaya da jama'a za su riƙe da suna. Aka sa zaɓen farko ranar 15 ga Nuwamba 2012, cikin sanyi da duhun da ke sauka tun ƙarfe huɗu, aka kuma hana 'yan takara gatan da masu neman majalisa suke da shi na aika wa kowane gida takarda kyauta ta gidan waya. Ga kuɗin ajiya fam 5,000. A yankuna 41 na Ingila da Wales, kashi 15 cikin 100 ne suka fito. John Prescott, wanda ya yi mataimakin firaminista shekara goma, ya tsaya a Humberside ya sha ƙasa. Bayan shekara biyu kwamishinan West Midlands ya rasu, aka yi zaɓen cike gurbi a watan Agusta, lokacin da kowa ya tafi hutu, mutum ɗaya cikin goma ya je.

A Chepstow muka haye kogin Wye muka shiga Wales, allunan tasha suka koma harshe biyu, Turanci da harshen Wales. Newport ta zama Casnewydd. Motar 'yan sandan farko da na gani a bakin tasha an rubuta mata Heddlu, wato 'yan sanda a harshensu, da manyan baƙaƙe.

Surukin namu ya zo ɗaukata da motar da yake haya da ita. Bayan na ga jaririya, na yi addu'a, na ci tuwon semo da miyar kuka har na rasa inda zan sa kaina, sai maijego ta ce, "Kawu, tun da kai mai son tarihi ne, bari ya zaga da kai kafin la'asar."

Ya ajiye mota muka taka zuwa ƙasan wani tudu da ake kira Stow Hill, inda tsohon otal ɗin Westgate yake. Nan na daɗe. Ranar 4 ga Nuwamba 1839 dubban masu haƙar kwal da ma'aikatan ƙarfe suka gangaro daga kwaruruka, bayan sun kwana suna tafiya cikin ruwan sama, ƙarƙashin wani tsohon magajin garin mai suna John Frost. Cikin abubuwan da tafiyarsu take nema har da a bai wa kowane namiji baligi ƙuri'a, ko yana da dukiya ko ba shi da ita, kuma a riƙa jefa ta a asirce. Sojoji suna cikin otal ɗin. Suka buɗe wuta, aka kashe mutum fiye da 20. Wasu da dare aka binne su a harabar cocin St Woolos da ke saman tudun, ba alama a kan kabari. Frost aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta aka kore shi zuwa Tasmania. Yau akwai dandali da sunansa a tsakiyar gari, matasa suna zaune suna cin soyayyen dankali.

A wannan garin ne kuma, a zaɓen 2012, aka buɗe wata rumfa a unguwar Bettws tun ƙarfe bakwai na safe har goma na dare, ba wanda ya shiga. Awa goma sha biyar ma'aikata suna zaune, aka rufe akwati ba ƙuri'a ko ɗaya. Na ce ya kai ni unguwar. Ya dube ni kamar mai shirin cewa wani abu, ya fasa. Gidajen gwamnati ne jere a kan gangare a arewacin gari, da 'yan shaguna da makaranta. Muka wuce wata rumfa, allonta da Turanci da harshen Wales. Na roƙe shi ya tsaya. Cikin minti goma da muka yi, wani tsoho da karensa ne kawai suka zo, ya ɗaure karen a ƙarfen ƙofa ya shiga.

A Wales ranar babu wani zaɓe sai wannan, kuma ita ce rana ta farko da aka fara neman katin shaida mai hoto a rumfunansu. A 2016 da 2021 an haɗa shi da zaɓen majalisar Wales, sai adadin masu fitowa ya ninka fiye da sau biyu, don mutum ya riga ya zo, ƙarin takarda ɗaya ba ta da nauyi.

Shi ma surukin bai jefa ba. Na ce masa kai da kake kwana a titi, wa ya fi ka buƙatar ɗan sanda? Ya ce, "Wallahi Kawu, an taɓa fasa min gilashi aka ɗauke 'yan canjina. Na buga waya, suka ba ni lamba in kai wa inshora, shi ke nan. Ko wa ya hau, lambar nan za a ba ni." Na so in yi masa faɗa, sai na tuna a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mu ma kusan kashi 27 ne muka fito, da duk hutun da rufe hanyar da hayaniyar. Na yi shiru. Abin da na lura kawai shi ne rashin fitarmu da tasu ba iri ɗaya ba ne. Namu ya san kujerar sarai, ya san abin da za ta iya yi masa, ya dai fid da rai. Nasu ko sanin akwai kujerar bai yi ba, kuma bai taɓa tsayawa a shingen hanya yana laluben aljihu ba balle ya nemi wanda zai kai wa kuka.

Magariba ba ta yi ba sai wajen tara saura. Muna hira aka nuna a labarai cewa an mayar da Boris Johnson daga rumfar zaɓe a Oxfordshire saboda ya je ba katin shaida, dokar da gwamnatinsa ce ta kawo ta. Ya koma ya ɗauko. Maijego ta yi dariya har jaririya ta farka.

Washegari aka sanar Jane Mudd, shugabar majalisar birnin Newport, ta ci kujerar kwamishinan Gwent, yankin da Newport take ciki, mace ta farko da ta hau ta. Waɗanda suka fito ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Na koma Birmingham ranar Asabar na tarar da ƙanena manne da talabijin, ana ta sake ƙirga ƙuri'un magajin gari, har Richard Parker ya kayar da Andy Street da ƙuri'a 1,508. Na tambaye shi kwamishina fa? Sai da ya duba waya kafin ya ce Foster ne ya koma.

Ina Zariya a Nuwamban 2025 saƙon muryarsa ya shigo WhatsApp. "Yaya, kujerar nan da ka yi ta tambaya a kanta, gwamnati ta ce za ta soke ta a 2028, a mayar da aikin hannun magadan gari da shugabannin ƙananan hukumomi." Na tambaye shi mutane me suke cewa. Ya ce ya faɗa wa abokan aikinsa uku a wajen cin abinci, biyu sun tambaye shi wace kujera.