Kabewa Ɗaya Tak a Gindi

Mai son ƙatuwar kabewa a Kaduna ya shuka farkon damina, cikin Mayu, a tudun da ya sha ruɓaɓɓen takin shanu. Iri ne gaba da komai. Irin da ake kira Atlantic Giant, wanda manomi Howard Dill ɗan Kanada ya samar, shi ne gwani. Da sassafe a ciro namijin fure a goga wa macen. Idan 'ya'ya sun kama, a bar ɗaya, a tsinke sauran. A riƙa binne gaɓoɓin yaɗon don su yi saiwa.

Ana cewa nuna ta da yatsa ke sa ta ruɓe, wasu har madara suke zuba mata wai don ta ƙara girma. Duk camfi ne. Danshin Agusta da ƙudan da ke huda ɓawo ne ke kashe ta, don haka a shimfiɗa mata yashi, a rufe ta da ƙyalle.