Asubar da ta same ni tsakanin Injamena da Guangzhou

A Kusiri ta ƙasar Kamaru shagona yake, kayan waya nake sayarwa. Duk mai tafiya waje daga garinmu, gadar Ngueli yake tsallakawa ya hau jirgi a filin Hassan Djamous na Injamena. Ni ma haka na yi a tafiyata ta farko zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya.

Kafin na tashi, na zauna da tikiti da biro. Zangon farko, Injamena zuwa Addis Ababa, kusan kilomita 2,600 ne, bai kai awa 4 ba. Zango na biyu, Addis zuwa Guangzhou, shi ne ya ruɗa ni: tashi jim kaɗan bayan tsakar dare, sauka wajen ƙarfe 3 na rana. Na ƙirga awa 15, har na ce wa Inna ta sa ni a addu'a, kusan wuni da kwana zan yi a sama.

Ashe kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin da filin yake ne. Addis tana gabanmu da awa 2, Guangzhou kuma tana gaban Addis da awa 5. Tafiyar kilomita 8,000 ce ko ɗoriya kaɗan, kuma awa 10 ce kawai ko kusa da haka.

Wannan kuskuren bai cuce ni ba. Abin da ya dame ni shi ne Asuba. Na bar agogon hannuna a lokacin gida, na ce in ya nuna ƙarfe 4 da rabi zan tashi na yi salla. Gajiya ta kwashe ni. Da na farka agogo bai ma kai 4 ba, amma ina ɗaga murfin taga sai rana ta doki idona. Jirgin da ya nufi gabas rana yake tara, don haka darensa gajere ne. Alfijir ya keto tun agogona yana wajen ƙarfe 2, ina ta barci.

Wani dattijo ɗan Marwa da ke kusa da ni ya ga yadda jikina ya yi sanyi. Ya ce, "Ɗana, wanda barci ya ɗauke, lokacin sallarsa shi ne sa'ad da ya farka. Tashi ka yi alwala." Na yi, na rama, amma raina bai daina sosuwa ba har muka sauka a filin Baiyun na Guangzhou.

A dawowa abin ya juye. Mun taso da dare muna bin duhu zuwa yamma, daren ya yi ta miƙewa kamar ba zai ƙare ba. Wannan karon na cire agogon na jefa a jaka, na roƙi kujerar bakin taga, na bar murfinta a ɗage ina dakon alfijir.