Daga ƙafar ɗalibi ake auna tsayin kujera

Shagona a Kano yake, kafinta da walda muke haɗawa, ni da yara bakwai. Katako da filawud daga 'Yan Katako na Na'ibawa muke ɗaukowa, ƙarfe kuma daga Ƙofar Ruwa. Gadajen amare da kujerun falo su ne abincinmu na kullum. Amma tun da aka kafa TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a 2011 ana ta gina ɗakunan lakca a manyan makarantu, aikin kujerun ɗalibai yakan faɗo mana jefi-jefi. Ba mu ake ba kwangilar ba. Babban ɗan kwangila ne yake karɓa, ya kawo samfur guda, ya ce a yi ɗari uku irinta. Mu kuma mu ɗora tef a kan samfurin, mu yanka, mu liƙa, mu fesa fenti.

Haka na yi shekaru ina yi, har ranar da 'yar wana, wadda ke aji biyu a wata jami'a, ta zo hutu. Muna hira ta ce, "Baffa, kujerun nan da kuke yi mana, kun taɓa zama a kansu awa biyu kuwa?" Ta ce ƙafarta ba ta kai ƙasa, sai ta sa jaka ta taka, in ba haka ba kafin a tashi cinyarta ta mutu. Maganar ta tsaya mini a rai. Da aka koma karatu na nemi izini na shiga wani ɗakin da mu muka yi kujerunsa, na tsaya a baya ana lakca. Gajeru, yawanci mata, sun matso bakin kujera don ƙafa ta taɓa ƙasa, bayansu ya rabu da majingina. Dogayen samari kuma gwiwa na dukan ƙasan tebur, sun karkace gefe guda suna rubutu. Waldar da muka yi ko ɗaya ba ta saki ba, amma babu wanda na ga ya zauna daidai.

Daga nan na koyi abin da ya kamata in sani tun ina yaron shago. Awon farko shi ne daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, mutum na zaune da takalminsa. Mazaunin kujera ya yi ƙasa da wannan kaɗan. In ya zarce, bakinsa zai danne ƙasan cinya, jini ya kasa gudu sosai, abin da 'yar wana ke ji ke nan. Na biyu zurfin mazauni: in mutum ya jingina, a samu sararin yatsa biyu zuwa uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa. Nan ne muka fi yin kuskure, don kafinta yana ganin mazauni mai zurfi shi ne karamci. Tebur kuwa ya tsaya kusa da gwiwar hannu, in ya yi sama kafaɗa ce za ta ɗaga har wuya ya riƙe. Majingina ta ɗan kwanta baya, ta tallafi ƙugu, kada a tsayar da ita ƙiƙam kamar bango.

Turawa suna da ma'auni na kayan makaranta mai suna EN 1729, sun kasa kujeru lamba-lamba. Lamba 5 tsayin mazauninta santimita 43 ne, teburinta 71. Lamba 6 kuma 46 da 76. Bambancin mazaunan santimita uku kacal, bai kai faɗin yatsa biyu ba, amma shi ke raba wanda ƙafarsa ta dafa ƙasa da wanda tasa ke lilo. Samfuran da ake kawo mana kusan duk manyan ne, alhali ɗaki ɗaya ya tara dogo da gajere, siriri da mai jiki.

Akwai kuma bahagwai. Kujerar nan mai allon rubutu a hannu, kullum a dama ake sa allon. A duniya kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. A wurinmu da yawa an tilasta musu rubutu da dama tun suna makarantar allo, amma waɗanda suka rage suna nan, suna murɗe jiki tun safe har la'asar. Juya allon zuwa hagu bai ƙara ko sisi a kuɗin aiki ba.

Yanzu in aiki ya zo, ina roƙon a bar ni in auna ɗalibai kafin in yanka ƙarfe. Maza yarana ke aunawa, mata kuma 'yar wana da ƙawarta, bayan na nuna musu inda ake ɗora tef. Sai mu yi girma biyu, mu shafa fenti daban a ƙafar kowanne don a gane. Bakin mazauni muna goge shi ya lanƙwasa, ba ma barinsa da kaifi.

Ba kowane ɗan kwangila ke yarda ba. Wani ya ce mini, "Malam, takarda ta ce irin samfur, kai yi irin samfur." Na yi masa, don ina da yaran da zan biya ranar Asabar. Amma na haɗa guda ɗaya mai santimita 43 da kuɗina, na ɗora a saman mota tare da sauran, na ce don Allah ya kai wa masu duba aiki su zauna a kai su ji.