Abin da aikin huda ya koya mini a Legas

Kafe-kafe nake yi a gidajen mutane: sandar labule, talabijin na bango, kantar kicin. A Agege na koya, hannun wani maigidana Bakano, kuma abin da ya fi zauna mini cikin koyarwarsa shi ne baki, wato tsinken hudar da ake ɗaura wa inji, ke cin ƙarfe, inji juya shi kawai yake yi. Ka ga mutum ya zuba kuɗi ya sayi injin huda na Bosch ko Makita, ya ɗaura masa dakusasshen baki yana danna wa da ƙirji har inji ya fara wari. Abin yana ba ni takaici.

Wasa bakin huda ƙarfe ya fi komai cin lokacina kafin hannuna ya faɗa. Kusurwar tsinin takan zauna a digiri 118, na ƙarfe mai tauri kuma 135. Leɓɓan biyu, wato kaifi biyun da ke tsinin, dole tsawonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ramin ya fi bakin faɗi. Sai a ɗan zaftare bayan kaifin, domin in bayan ya kai tsayin gaban, bakin zai yi ta gugar ƙarfe ba ya shiga. Maigida kan ce, “Kai yaro, taɓa dutsen washi ka ɗaga, ka tsoma a ruwa tun bai yi zafi ba.” Gwajin kuwa ba wuya: in ɓawon ƙarfe na fitowa a murɗe ta gefe biyu, washi ya yi. In gari yake zubarwa yana ƙara, koma kan dutse.

Tsatsa ma abokiyar gaba ce a garin nan, balle in aiki ya kai ka Lekki ko Ajah inda iska ke ɗauke da gishiri. Ina goge bakunan da man inji kafin in mayar da su akwati.

Wajen sayen inji, bangon da za ka huda shi ke zaɓa maka. Bulo, ƙaramin inji mai bugu ya ishe shi. Ginshiƙin kankare kuwa sai inji mai irin bakin da ake kira SDS, injin da ke dakan siminti da kansa. A kan tayil kashe bugun gaba ɗaya, ka tafi a hankali. Mai batir na fi so saboda halin wutarmu, amma ba na saya sai da batir biyu, kuma sai mai shago ya ba ni na juya bakin na ga ba ya rawa.